Aron Kunne

Shekara talatin da ɗaya na yi a ƙarƙashin Kalgoorlie
ina huda dutse domin zinariyar wasu.
Ranar sallama aka ba ni agogo da fansho.
Kunnen hagu can ya yi zamansa a rami,
na dama ne ya biyo ni gida, yana ɗingishi.

Ga ni yau a shagon Noelene Pascoe,
na'urori rataye a bango kamar sandunan guragu.
Ta ce, "Alwyn, bar duban farashi.
Faɗa mini ƙasar da za ka taka, in faɗa maka injin."
Na ce arewa da Leonora, inda marmara ta yi jawur.
Ta girgiza kai.
"Wannan ƙasa maƙaryaciya ce, cikinta duk ƙarfe.
Ƙaramin inji zai yi ta kururuwa kan kowace tsakuwa,
ka haƙa rami ɗari, ka dawo da ƙishirwa."

Ta sauko da babban. Dala dubu tara.
Na ɗaga shi, kafaɗa ta karanto mini shekaruna.
Faifansa ya kai sitiyarin mota.
"Yana jiyo abin da ke kamu uku a ƙasa," in ji ta,
"amma ƙwayar da ba ta kai shinkafa ba
sai ya wuce ta, ko gaisuwa.
Ƙaramin faifai ke tsince ƙanana,
ƙananan ke biyan kuɗin mai.
Babbar kuwa, labarinta ya fi ta yawa."

A bayan shago tana da ɗan fili
inda ta binne jarrabawa:
ƙusa, kwanson harsashi, murfin gwangwani,
da zinariya rabin giram, ba ta ce ina ba.
Na sa abin ji a kunne, na shiga shara a hankali,
dama, hagu, faifai na shafar ƙasa.
Ƙusa ta yi ihu, na ji.
Gwangwani ya kusa tsaga mini kai.
Na kai bango, na juyo, na sake kaiwa.
Noelene ta sunkuyar da ido tana duban takalminta,
na gane na tsaya a kai sau biyu,
kaza a kan dami.

Jikata Tahlia na zaune a bayan mota tana korar ƙuda.
Shekararta sha ɗaya, ba ta taɓa riƙe diga ba.
Ta diro, ta zare abin jin daga kaina,
ya yi mata yawa, ta tallafe da hannu biyu.
"Ci gaba, Kaka."
Na ci gaba, ni da inji, ita da igiya,
kamar makaho da ɗan jagora.
"Tsaya. Koma kaɗan.
Nan. Ba ƙara ya yi ba,
numfashinsa ne ya canja."

Noelene ta durƙusa da cokalin roba.
Yatsa huɗu a ƙasa, ga ta,
ƙanƙanuwa, da nauyin da ya fi jikinta.

Ban sayi babban ba.
Na ɗauki matsakaici, wanda kafaɗa ta yarda da shi,
da ƙaramin faifai, da batir na biyu,
da igiya mafi tsawo da ke cikin shagon.
A hanya Tahlia ta yanka sharaɗinta:
rabi da rabi, kuma ita ke riƙe kwalbar.
Na ce ni na biya kuɗin inji.
Ta ce ita ta zo da kunne.

Yanzu yana jingine a bayan ƙofa
sai an ba da hutun makaranta.
Fitarmu ta fari: ƙusa goma sha huɗu,
maɓallin rigar wani da ya riga mu shan wannan rana,
da ƙwaya ɗaya tak.
In na girgiza kwalbar, wai tana ƙara.
Haka Tahlia ta ce.